Abonemar waya ta wata 24: ina son fita saura wata 14, sun ce sai na biya duka

Ɗan Adar mai albasa, Tahoua

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko wanda ya san doka.

Ni sana'ata albasa ce. Ina saye a Galmi da Tsernawa da ƙauyukan wajen Keita, in loda zuwa Gana da Abijan. Bara bayan girbi wani ma'aikacin ɗaya daga cikin kamfanonin waya ya same ni a shago da takardunsa, ya ce suna da abonema ta ƴan kasuwa: layi 5 da sunana, kira tsakaninmu kyauta, kowane layi da mintocinsa da intanet ɗinsa, kuma za su ba ni sabuwar waya a rabin kuɗinta. Ni kuwa in riƙa biyan jika 45, wato sefa dubu 45, duk wata har wata 24. A lokacin abin ya yi mini daidai ƙwarai. Ina da yaro a Galmi mai duba buhuna, ɗaya a Tsernawa wajen lodi, ɗaya yana bin mota, sai ƙanena mai tsaron shago. Kuɗin katin da nake tura musu a wata ya fi haka, kuma duk da haka sai ka wuni kana jiran kiran yaro, da dare ya ce maka kiredinsa ne ya ƙare. Tsohuwar lambata ma suka shigar da ita cikin biyar ɗin.

To kowa ya san yadda hanya ta koma tun 2023. Motocin da ke bi ta Burkina sai sun jira rakiya, albasa kuwa ba ta san jira ba. Lodi biyu suka lalace mini a hanya, jari ya karye. Bana sabuwar albasa ta fito amma abin da nake iya saye bai kai rabin na bara ba, rudun ajiyar albasa da nake cikawa a ƙauye babu komai a ciki. Yaron da ke bin mota ya tafi Abijan bida, na Tsernawa ya koma gona wajen mahaifinsa. Layi biyu ke nan ba sa yi mini aikin komai, kuma faktir, takardar kuɗin wata, ba ta fasa zuwa ba. Na watan jiya ma jika 58 ta zo, wai akwai kira daga waje.

Na je ajans ɗinsu na nan Tahoua na ce ina son a rufe. Yarinyar da ke gishe ta buga lambata, ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta sa yatsa a kan 630.000, ta ce saura wata 14 ne, in na biya wannan a rufe yau. Na ce ko in mayar da wayar? Ta ce ba su karɓar waya. Na ce ina ma'aikacin da ya zo shagona, ta ce an maida shi wani gari.

Abin da nake tambaya shi ne, da gaske babu wata ƙofa sai wannan? Kuma lambata fa? Wannan lambar ita dillalan Kumasi da na Abijan suka sani, ita ke rubuce a jikin ƙofar shagona, da ita ake turo mini kuɗi. In na rasa ta na rasa abin da ya rage mini na kasuwa. Ba na son cin haƙƙin kowa, na sa hannu kuma na sani. Amma jika 630 yau ba ni da ita, in ma ina da ita albasa zan saya.

Kabu-kabu 227

Baba ka cire sim ɗin ka jefar kawai, ka sayi wani na jika guda a bakin tasha. Wa zai biyo ka har Tahoua a kan kuɗin waya? Kamfanoni huɗu ne a ƙasar nan, in wannan ya ƙi ga wani.

Ƴar Yantala, Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya buɗa kasuwa.

Kafin komai, yau ɗin nan ba gobe ba, ka koma ajans da katinka na ɗan ƙasa ka ce a dakatar da layin da ke hannun yaron Abijan. Jika 13 ɗin da ta hau kan faktir ɗinka daga nan ta fito. Mintocin forfe, wato waɗanda ake ba kowane layi a wata, na cikin gida ne, layi in ya ƙetare iyaka lissafinsa daban ne, kuma sunanka ke kansa ba na yaron ba. Dakatar da layi ba ya buƙatar a warware kwantiragi, kamar mutum ne ya ce wayarsa ta ɓata. Za su iya yi maka sabon sim da lambar nan.

Ni ke riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfanin gine-gine a nan Yamai, kuma irin wannan abonema muke da ita ta ma'aikata. Lokacin da aiki ya ragu muka sallami mutane, ni na yi zirga-zirgar rage layukan, shi ya sa nake gaya maka mai gishe ba ita ce ƙarshen magana ba. Abin da kwamfuta ta nuna mata shi za ta faɗa, ba ta da ikon rage ko dala. Kwantiragin ƴan kasuwa yana da nasa sashe da mai kula da shi. Ka nemi shugaban ajans, ka ce ya haɗa ka da wanda ya gaji ma'aikacin da ya zo shagonka.

Amma kada ka je sai ka san abin da ke cikin takardarka. Ka samo wanda ya iya Faransanci sosai, ba wanda zai duba sama-sama ba, ku zauna ya karanta maka har ƙananan rubutun bayan shafi. Ku nemo inda aka faɗi abin da za a biya in mutum ya fita kafin lokaci. Wata takardar cewa take duk watannin da suka rage, wata kuwa kaso ne kawai, wata ma ragowar kuɗin waya ne. Ku duba ko wayar tana da nata lissafi daban da na layuka, don sau da yawa ita ce igiyar da aka ɗaure wata 24 da ita. Ku duba ko an yarda a rage yawan layuka ko a sauka zuwa ƙaramin forfe, da ko an yarda ka miƙa layi ga wani ya ci gaba da biya. Sannan ka tuna ko ka ajiye kuɗin jingina ranar sa hannu. In ka ajiye, ka nemo rasit ɗin, kuɗinka ne, dole ya shiga lissafi.

Mu abin da ya fitar da mu miƙa layuka ne. Wani ɗan kwangila da muke aiki tare yana neman layuka ga direbobinsa, muka je tare, ya kawo takardunsa, aka maida su sunansa. Kamfani bai rasa komai ba, shi ya sa ba su ja ba. A kasuwar Tahoua ba za ka rasa mai bukata ba.

Kuma duk abin da za ka nema ka rubuta shi. Wasiƙa kwafi biyu, ka ba su ɗaya, ɗayar su buga mata tampo da kwanan wata su sa hannu ka koma da ita gida. Maganar baki a ajans ba ta da shaida, ka ga dai wanda ya yi maka alkawari a shago yau ba ya nan.

Ɗalibi a Liyon

Kawu sannu da haƙuri. Ni abin ya ba ni mamaki da aka ce ka biya duka. A nan Faransa akwai dokar da ake kira Chatel tun 2008. Ga waɗanda suka sa hannu kafin 2023, in kwantiragin na wata 24 ne, abin da ya wajaba ka biya cikakke shi ne har ƙarshen wata na 12, na shekara ta biyu kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Da a wancan tsarin kake, wata 2 da suka rage maka a shekarar farko jika 90, shekara ta biyu jika 540 ce, rubu'inta 135, duka 225 ke nan maimakon 630. An ma ƙara sassauta dokar ga waɗanda suka sa hannu daga 2023. Ka gaya musu haka.

Dattijon Wadata, Yamai

Ɗana mai kabu-kabu, shawararka za ta jefa bawan Allah nan cikin rami. Sim ɗin kati da kake saye a tasha daban, abonema daban. Na kati in ka jefar babu wanda ke bin ka, don ka riga ka biya kafin ka kira. Wannan kuwa akwai sa hannunsa, da kwafin katinsa, da adireshin shagonsa. Na yi shekaru ina aiki a kotu kafin in yi ritaya, na ga yadda ake yi. Za su yanke layukan duka biyar, har da lambar da yake tsoron rasawa, faktir kuma ta ci gaba da taruwa. Daga nan takardar gargaɗi. Daga nan, tunda Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, akwai gajeriyar hanyar karɓar bashi: mai bin bashi ya kai wa alƙali kwantiragi da faktir, alƙali ya ba da umarnin biya ba tare da an kira ka ba, sai dai ka ga wisiye, mai kai takardun kotu da zartar da hukunci, a ƙofar shago da takarda. Kwanaki kaɗan doka ta ba mutum ya ƙalubalanta, in suka wuce ana iya kama kaya ko asusun banki, kuma kuɗin wisiyen ma a kanka. Ban ce kowane kamfani yana bin kowa har can ba. Amma jika 630 ba kuɗin da ake mantawa ba ne.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙasashenmu masu kuɗin sefa suna da ofishin tattara bayanan masu bashi ƙarƙashin kulawar BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, kuma ba bankuna kaɗai aka tsara su ba shi bayani ba, har da manyan masu fitar da faktir irin na waya da wuta da ruwa. Mutumin da jarinsa ya karye, wanda wataƙila gobe zai nemi rance ya tashi, bai kamata ya bar sunansa ya ɓaci a kan waya ba.

Kai kuma ɗalibi, lissafinka daidai ne amma dokar ta Faransa ce, ba ta aiki a Tahoua. In ya je ya ce doka ta ce rubu'i, za su tambaye shi wace doka, maganarsa ta yi rauni tun daga farko. A nan abin da alƙali zai fara dubawa ita ce takardar da aka sa wa hannu. Sashe na 1134 na dokar farar hula cewa ya yi yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida ita ce doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Faɗuwar kasuwa, duk da zafinta, ba ta cikin uzurin da ke sauke wa mutum biya. Sai dai wannan sashen dai shi ya ce ana iya warware ta in ɓangarorin biyu sun yarda, kuma nan ce ƙofarka, ƙanena. Lissafin ɗalibin yana da amfani ta wannan fuska: ka ɗauke shi a matsayin tayi. Ka rubuta cewa ga halin da kake ciki, ga abin da za ka iya biya a tashi ɗaya, ga roƙonka a maida lambarka ta kati. Kamfani ya san kuɗin hannu yau ya fi bashin da zai bi shekara.

A addini ma haka abin yake. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura, shi ya sa na ji daɗi da ka ce ba ka son cin haƙƙin kowa. Kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin iƙala, wato mai saye ya nemi a warware ciniki mai sayarwa ya amince, har hadisi ya zo da falalar wanda ya amince. Neman sassauci ba abin kunya ba ne.

In kuwa akwai inda su suka gaza, misali rezo ba ya kamawa a inda aka ce maka zai kama, ko an sa maka kuɗin abin da ba ka nema ba, wannan magana ce daban kuma tana ƙara maka ƙarfi. Ka fara kai kuka gare su a rubuce. In sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, akwai ARCEP a nan Yamai, hukumar da aka kafa a 2018 ta gaji ARTP, ita ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa kuma tana karɓar koken masu amfani da waya. Za su nemi ganin wasiƙarka mai tampo, don haka ka bi maganar Hajiya ƴar Yantala. Kuma kada ka daina biyan faktir ɗin wata-wata muddin ana cikin magana. Wanda ba a bin sa ko wata ɗaya shi ake saurara.

Ɗan Adar mai albasa, Tahoua

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya na Wadata, Allah ya ƙara girma. Hajiya, layin Abijan an dakatar da shi tun ranar da na ga saƙonki, na kuma kira yaron ta wayar ɗan ɗakinsu na gaya masa dalili, bai ji haushi ba.

Takardar tana cikin leda tare da takardun fili, shafi huɗu ce. Wani malamin lakkwal maƙwabcina ya zo bayan isha'i muka zauna a zaure, yana karantawa da fitilar waya yana fassara mini layi-layi, don rubutun shafin ƙarshe ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ga abin da muka samu. Gaskiyar yarinyar ce, an rubuta cewa wanda ya fita kafin wata 24 zai biya watannin da suka rage. Amma a ƙasa akwai inda aka ce ana iya miƙa layi ga wani in kamfani ya yarda a rubuce. Jingina kuma na ajiye jika 90, rasit ɗin na manne a bayan takardar, mai gishe ba ta cire ta daga 630 ɗin ba. Sai wani abu da ya tayar mini da hankali: wai in wata 24 ta cika ban rubuta musu wata guda kafin nan ba, kwantiragin zai sabunta kansa na wata 12.

Malamin ya rubuta mini wasiƙa, na kai, an buga tampo. Shugaban ajans ya karɓe ni a ofishinsa, mutum ne mai mutunci, ya saurare ni har na gama. Ya ce miƙa layuka yana hannunsa, zai iya yi a nan. Na riga na yi magana da wani abokina mai sayar da siminti, yana da yara biyu masu kai kaya, ya ce yana so. In an yi haka layi 3 za su rage mini, jika 27 a wata. Na Abijan ɗin in an yi sabon sim sai a miƙa masa shi tare da na Tsernawa.

Fita gaba ɗaya kuwa ya ce ba ikonsa ba ne, sai Yamai. Na yi tayin biyan ragowar rabin kuɗin wayar, jika 60, da kuɗin wata uku, a cire daga jingina in cika sauran, a maida lambata ta kati. Ya ce zai tura amma bai yi mini alkawarin komai ba, kuma amsa tana iya ɗaukar makonni.

Ni yanzu zuciyata ta fi karkata ga jika 27 ɗin. Zan iya ɗaukarta ko a wannan hali, lambata tana nan, kuma in Allah ya kawo kasuwa wajen watan tara da albasa ke tsada, ina bukatar layin Galmi da na shago. Abin da ban sani ba, in na karɓi wannan, tayin da aka tura Yamai ya mutu ke nan? Kuma in abokina ya kasa biya wata rana, ni za a bi?

Ƴar Yantala, Yamai

Alhamdu lillahi Alhaji, an samu hanya.

A kan abokinka, ya danganta da yadda aka yi takardar. Kada ka yarda a bar layukan cikin kwantiraginka shi kuma ya riƙa ba ka jika 18 a hannu, wannan zai ɓata muku zumunci kuma bashin naka ne. Ku je tare da katinsa, a buɗe masa nasa asusu da sunansa, kai kuma a ba ka takardar gyaran kwantiragi da ta nuna lambobin nan biyu sun fita daga naka, da sabon kuɗin wata, da ranar da ya fara. Ka duba da kyau kada gyaran ya sake ƙirga wata 24 daga farko, ranar ƙarewa ta zauna yadda take. Ka tambayi jinginar ma, tunda ta layi 5 ce ka ajiye.

Kafin a miƙa, yaron da ya koma gona ya cire duk kuɗin da ke cikin asusun wayar, ya kuma maida WhatsApp ɗinsa sabuwar lamba, akwai wurin canza lamba a cikin saitin. In bai yi ba, saƙonnin mutanensa hannun yaran mai siminti za su riƙa faɗawa.

Tayin Yamai ba ya mutuwa sai in takardar gyaran ta ce ka janye shi, don haka malamin ya karanta maka ita kafin ka sa hannu. In amsa ta zo da sauƙi ka duba, in ba ta zo ba kana kan 27 ɗinka.

Maganar sabunta kai kuwa, kada ka jira wata na 23. Ka sa malamin ya rubuta wasiƙa ta biyu tun yanzu cewa ba ka son a sabunta, kuma kana son lambobinka uku su koma na kati ranar da wa'adi ya cika. Ka kai ta ranar da za ku je da abokinka a buga mata tampo, in lokacin ya matso ka sake kai wata.